Yadda ake tura jinin gudummawa da busasshiyar ƙanƙara ta jirgin sama, daga firiza har hannun mai karɓa

Abin da yake ɗaure wa sabon shiga kai shi ne, ranar da ya fara kai kwalin jini wurin karɓar kaya a filin jirgi, sai ya ga ma'aikacin bai wani damu da jinin ba, duk tambayoyinsa a kan ƙanƙarar suke. Kilo nawa ce, ina tambarinta, an rubuta ta a takarda ko ba a rubuta ba, kwalin yana fitar da iska kuwa. Kai da ka zo da tunanin jini ne abin tsoro sai ka ga ashe a idon dokar jiragen sama jinin da aka ɗiba don a ƙara wa mara lafiya ba ya ma cikin jerin kaya masu haɗari, an cire shi, amma busasshiyar ƙanƙara, wato daskararriyar iskar da ake sanyaya kayan da ita, tana ciki dumu-dumu, da lambarta da ajinta da komai. Idan ka riƙe wannan a kanka sauran duk za su zo maka da sauƙi.

Dokar da ake magana asalinta ta hukumar ICAO ce, wato hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da zirga-zirgar jiragen sama na farar hula, ita ke fitar da ƙa'idojin ɗaukar kaya masu haɗari tana sabunta su duk shekara biyu. Sai ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta IATA ta ɗauka ta yi littafinta na ƙa'idojin kaya masu haɗari da ake kira DGR, shi kuma duk shekara ake sabon bugu, yana fara aiki ranar 1 ga Janairu. Wannan littafin ne za ka tarar a teburin mai karɓar kaya, don haka da shi za ka yi aiki, kuma bugun bana, ba wanda wani ya bari a durowa shekara huɗu da suka wuce ba.

Mataki na farko: wane irin jini ne a hannunka

Nan ne zan fi daɗewa don nan ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Busasshiyar ƙanƙara ba ruwa ba ce da ya daskare, iskar kabon dayoksaid ce da aka daskarar, sanyinta ya kai digiri 78.5 ƙasa da sifili. Wannan sanyin ba kowane ɓangaren jini ne yake ɗaukarsa ba, gaskiya ma yawancinsu kashe su yake yi.

Cikakken jini da jajayen ƙwayoyin jini a firij ake ajiye su, tsakanin digiri 2 zuwa 6, a hanya kuma ana so kada su wuce digiri 10. Idan suka daskare ƙwayoyin fashewa suke yi, abin da ke cikinsu ya zubo cikin leda, har da sinadarin fotasiyam, kuma idan aka ɗaura wa mutum irin wannan jinin zai iya taɓa masa ƙoda da zuciya. Abin haushin kuma ledar da ta daskare ta dawo ta narke ba lallai mai gaggawa ya gane ta da ido ba. To su waɗannan ko kusa da busasshiyar ƙanƙara ba sa zuwa. Ƙanƙarar ruwa ko robobin sanyi ake sa musu, su ma ba a bari su taɓa ledar kai tsaye, sai an sa wani abu a tsakani.

Filatlet, waɗannan ƙananan ƙwayoyin da ke taimaka wa jini ya daskare a bakin ciwo, su ma ba ruwansu da sanyi kwata-kwata, digiri 20 zuwa 24 suke so, ana jijjiga su a hankali, kuma kwanakinsu kaɗan ne, biyar zuwa bakwai. Ko firij ba a sa su balle ƙanƙara.

Wanda ake yi wa wannan hidimar duka shi ne filasma, wato ruwan jini mai launin ɗorawa da aka raba da ƙwayoyin aka daskarar da shi da wuri, da kuma abin da ake cirowa daga cikinsa da ake kira kirayo, wanda ake ba masu matsalar rashin daskarewar jini a bakin ciwo. A tsarin Amurka ana ajiye filasma a digiri 18 ƙasa da sifili ko fiye da haka sanyi har wata 12, a tsarin Turai idan an riƙe shi a sanyin da ya wuce digiri 25 ƙasa da sifili yana kaiwa wata 36. Akwai kuma jajayen ƙwayoyin da aka daskarar da gangan bayan an haɗa su da gilisarol don ya kare su, yawanci na rukunin jini da ba kasafai ake samu ba, ana riƙe su a digiri 65 ƙasa da sifili ko fiye, suna kaiwa shekara 10. Su ma da busasshiyar ƙanƙara suke tafiya. Ka ga kenan tambayar farko ita ce: abin nan a daskare yake tun asali? Idan amsar a'a ce, rufe zancen busasshiyar ƙanƙara.

Mataki na biyu: jinin ƙari ne ko samfurin gwaji

Cirewar da na faɗa a sama ta shafi jini ko ɓangarorinsa da aka ɗiba don ƙarin jini ko don haɗa magungunan jini, haka ma gaɓoɓin dashe. Amma sau da yawa cibiyar jini tana tura 'yan kwalaben samfuri zuwa wani babban dakin gwaji, misali ledar da gwajin farko ya nuna alamar ciwon hanta ana so a tabbatar. Wannan ya fita daga cirewar. Ya zama abin da ake kira rukunin B, lambarsa UN3373, kuma yana da nasa umarnin shiryawa mai lamba 650: mazubi uku, na ciki wanda ba ya yoyo, na tsakiya shi ma ba ya yoyo da abin tsotse ruwa isasshe a tsakaninsu, sai kwalin waje mai ƙarfi. Mazubin ciki kada ya wuce lita 1, duka kwalin kada ya wuce lita 4 ban da ƙanƙara, kuma na ciki ko na tsakiya ya iya jure bambancin matsin iska na kilofaskal 95, kwalin kuma ya jure faɗuwa daga tsayin mita 1.2. Akwai rukunin A na cututtuka masu kisa irin su Ebola, UN2814, wannan wani babi ne daban mai tsauri, ba aikin wanda yake karanta jagora a intanet ba ne.

Shawarata kada ka haɗa samfurin da ake zargi da ledojin da za a ƙara wa mutane a kwali ɗaya ko da doka ba ta kama ka ba. Kwali biyu, takarda biyu, hankali kwance.

Mataki na uku: kira kamfanin jirgin tun kafin ka buɗe firiza

Lambar busasshiyar ƙanƙara UN1845 ce, tana aji na 9, umarnin shirya ta kuma lamba 954. Doka ta yarda har kilo 200 a kwali ɗaya, ko jirgin fasinja ne ko na kago, wanda kai da wuya ka je ko kusa. Sai dai kowane kamfani yana da nasa ƙarin sharuɗɗa, kuma kowane irin jirgi yana da iyakar jimillar ƙanƙarar da zai ɗauka gwargwadon yadda iska ke zagayawa a cikinsa, don haka idan wasu sun riga ka cika gurbin ranar, kwalinka zai kwana a ƙasa komai kyawun shirinsa. Shi ya sa doka ta ce a yi shiri da kamfanin kafin a kawo kaya. Faɗa musu kwali nawa, kilo nawa a kowanne, ka nemi a sa wa kayan alamar ICE ta ƙanƙara da kuma LHO da ake sa wa gaɓoɓin ɗan Adam da jini don a ba su fifiko. Ka nemi jirgin da zai tafi kai tsaye idan akwai. Idan dole sai an sauya jirgi a hanya ka tambaya ko a can akwai mai ƙara ƙanƙara idan an samu jinkiri, ka kuma guji kayan da za su sauka daren hutun ƙarshen mako lokacin da babu mai sa hannu a kwastan. Idan ƙetare iyaka za a yi, takardar izinin fitarwa da ta shigarwa daga hukumomin lafiya na ƙasashen biyu su kasance a hannu tun kafin ranar.

Wani abu kuma, wanda zai shirya kwalin ya sa hannu dole ya kasance ya yi horon kaya masu haɗari, kuma horon yana ƙarewa duk wata 24 sai an sabunta. Ana tambayar satifiket ɗin.

Mataki na huɗu: lissafin kilo

Busasshiyar ƙanƙara ba ta narkewa ta zama ruwa, daga daskararre kai tsaye take komawa iska, shi ya sa ma ake ce mata busasshiya. Tun daga lokacin da ka ɗauko ta take raguwa. A ƙiyasin da masu aikin ke amfani da shi, kula mai kyau tana cin kamar kilo 2 zuwa 4 da ɗoriya a awa 24, ya danganta da kaurin bangonta da zafin gari da yawan gurbin da ka bari a ciki, kuma a sama inda matsin iska ya ragu tana ƙara saurin tafiya. 'Yan ƙananan dunƙule sun fi babban bulo saurin ƙarewa amma sun fi shi shiga lungu da saƙo su rungume kayan.

Lissafin daga ƙofa zuwa ƙofa ake yi, ba tsawon zaman jirgi a sama ba. A ce daga rufe kwali zuwa buɗe shi a can awa 30 ne idan komai ya tafi daidai, to ba komai ne yake tafiya daidai ba, ƙara awa 24 a kai, ya zama 54, wato kwana biyu da 'yan awoyi, idan ka yi a kilo 4 kullum kana maganar kilo 9 zuwa 10. Wannan misali ne kawai, abin da ya fi shi ne cibiyarku ta gwada irin kwalin da take amfani da shi tun kafin ranar buƙata, a cika shi da ledojin ruwan gishiri daskararru a sa ma'aunin sanyi a bar shi a wuri mai zafi a ga awa nawa zai riƙe. Abin da wannan gwajin ya nuna shi ne gaskiyar kwalinka, ba abin da mai sayarwa ya rubuta a jiki ba.

Mataki na biyar: kare kanka kafin ka taɓa ta

Safar hannu mai kauri ta sanyi, ba 'yar siririyar ta asibiti ba, da tabarau na kariya, da cokali ko ɗan shebur na ɗiba. Taɓa ta da hannu tsirara na 'yan daƙiƙu yana ƙona fata kamar wuta. Wannan kowa ya sani. Wanda ake rainawa shi ne iskar. Kilo 1 kacal yana ba da iska sama da lita 500, kilo goman nan namu kenan ya haura lita 5,000, ba ta da launi, ba a jin warinta, kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi don haka ƙasa take kwanciya. Iskar waje kabon dayoksaid ɗinta kusan kashi 0.04 ne cikin ɗari, iyakar da aka sa wa ma'aikaci na awa 8 kashi 0.5 ne, idan ta kai kashi 4 an shiga haɗarin rai. Alamun farko ciwon kai, haki, jiri, mutum ya ji kamar barci. Don haka ba a shirya kwali a ɗakin sanyi mai rufaffiyar ƙofa, ba a zura kai cikin akwatin ajiyarta don ɗebo ta ƙasa, kuma direban da zai kai filin jirgi ya sa kwalin a bayan mota inda ba ya haɗe da mazauninsa ko ya sauke gilasai, kada ya rufe ko'ina ya kunna esi yana jin daɗi.

Mataki na shida: shirya kwalin

Kula ta farin soso mai kauri a ciki, kwalin takarda mai ƙarfi a waje. Kular soso ita kaɗai ba kwali galibin kamfanoni ba sa karɓa don tana fashewa, tambari ma ba ya kama ta da kyau.

Ledar filasma idan ta yi wannan sanyin tana zama kamar gilashi, musamman wajen bakunanta da 'yan bututun, ƙaramin bugu ya isa ya tsaga ta, kuma ba za a gani ba sai can an sa ta a ruwan ɗumi ana narkarwa a ga tana yoyo, shi kenan an yi asarar leda. Saboda haka kowace leda ta zauna cikin ɗan kwalinta na takarda, a sa su duka cikin wata babbar leda a ɗaure saboda ko da ɗaya ta fashe, da abin tsotse ruwa a ciki. Zuba ƙanƙara a ƙasa, sa ɗan kwali a kai, jera ledojin, zuba a gefe da gefe, sannan mafi yawa a sama tunda sanyi ƙasa yake sauka. Kada ƙanƙarar ta shiga cikin ledar da ka ɗaure ko wani mazubi mai murfin da ke toshe iska, a waje take zama.

Ga abin da mutane ke mantawa: ƙanƙarar da ta tokare kayan yau, gobe rabinta ya tafi, gurbi ya buɗe, ledoji su fara kai da kawo a ciki duk lokacin da aka jefa kwalin a kan bel. Don haka a tokare kayan da wani abin da ba ya ƙarewa, katangar kwali ko soso, yadda ko ƙanƙarar ta ƙare tas suna nan inda ka sa su. Sauran gurbi a cusa takarda.

Sa na'urar da ke rubuta yanayin sanyi a tsakiyar kayan, ka tabbata irin wadda ke jure digiri 80 ƙasa da sifili ce don ta firij mutuwa take yi a nan. Yawancinsu batirin litiyam ne a ciki, wasu kuma suna aika saƙo ta sabis, irin waɗannan sai kamfanin jirgin ya amince da samfurin, ka tambaya tun a wayar farko.

Sai rufewa, kuma don Allah a nan a yi hattara. Dole kwalin ya iya fitar da iska. Na taɓa ganin wani sabon ma'aikaci, da kyakkyawar niyya, ya bi bakin murfin kula ya naɗe shi da salatif zagaye uku wai kada sanyi ya gudu, kafin a gama cike takardu murfin ya kumbura ya yi tozo. Da mazubi ne mai ƙarfi da ba ya ba da kai, fashewa zai yi kamar bam, a cikin jirgi kuwa ba sai na faɗa ba. Ɗora murfin soso ya zauna da kansa, kwalin waje a manne shi yadda ba zai buɗe ba amma ba a toshe kowace kafa ba. Takardar jerin abin da ke ciki, da lambar kowace leda da rukunin jininta da ranar ƙarewarta, a sa ta a leda tsakanin murfin soso da kwalin waje.

Ka auna ƙanƙarar a sikeli kafin ka zuba, don nauyinta ita kaɗai ake so, ba na kwalin gaba ɗaya ba.

Mataki na bakwai: rubutu da tambari

A jikin kwali, da Turanci ake rubutawa don haka doka ta ce: UN1845, sai sunan, ko dai Dry ice ko Carbon dioxide, solid, sai nauyin ƙanƙarar a kilo, sai cikakken suna da adireshin mai aikawa da na mai karɓa. Girman lambar UN ɗin akalla milimita 12 a manyan kwalaye, milimita 6 a waɗanda ba su wuce lita 30 ba. Sai tambarin aji na 9, mai kusurwa huɗu a tsaye kan tsininsa, santimita 10 kowane gefe, rabin sama zane-zanen baƙi guda bakwai a tsaye, ƙasa lamba 9 da layi a ƙarƙashinta. A manna shi a gefe ɗaya da rubutun, kada ya lanƙwasa ya zagaya kusurwa, kada salatif ko wata takarda ta rufe shi, kada kuma a yi rubutu a cikinsa. Idan tsohon kwali ne a goge ko a cire duk tsofaffin tambura, wannan kaɗai yana sa a dawo da kaya. Idan samfurin rukunin B ne a ciki, nasa tambarin UN3373 da sunansa su ma su fito. Idan ka haɗa kwalaye da yawa ka naɗe su wuri ɗaya, a rubuta OVERPACK a waje da jimillar kilon ƙanƙarar.

Lambar wayar wanda zai ɗauka ko da tsakar dare ne, sa ta.

Mataki na takwas: takarda

Nan akwai sauƙi. Idan ƙanƙarar tana sanyaya abin da ba ya cikin kaya masu haɗari ne, kamar filasman ƙari, ko kuma samfurin rukunin B take sanyayawa, ba a buƙatar doguwar takardar shelar kaya masu haɗari mai jan zane a gefe. Webil ɗin jirgi, wato takardar rakiyar kaya, ya isa, a gurbin bayanin kaya a rubuta UN1845, sunan, yawan kwalaye da kilon ƙanƙara a kowanne. Abin da ke takarda da abin da ke jikin kwali su zama ɗaya, idan kwali ya ce kilo 10 takarda ta ce 8 za a ajiye maka kayanka gefe. Mai karɓa yana da jerin tambayoyin da yake bi ɗaya bayan ɗaya yana sa alama, IATA ce ta fitar da shi, nemi kwafi ka bi shi da kanka tun a ofis.

Daga wannan bayanin ne kamfanin ke rubuta wa matuƙin jirgi takardar sanarwa cewa akwai ƙanƙara kilo kaza a ɗakin kaya kaza, da shi ne kuma masu lodi ke sanin kada su ajiye ta kusa da dabbobi masu rai, don iskar za ta iya shaƙe su. Wanda ya ɓoye ƙanƙara bai bayyana ba laifi ne da ake cin tara a kai, wani wurin har kotu.

Masu tambayar ko mutum zai iya riƙo kwalin a matsayin kayan fasinja: abin da aka yarda wa fasinja kilo 2.5 ne kacal, da amincewar kamfanin, mazubin yana fitar da iska, kuma idan za a sa a kayan da ake lodawa a ƙasan jirgi sai an rubuta a jiki. Kilo biyu da rabi ba ya kai ledojin filasma nesa, kuma jami'an tsaron filin jirgi suna da nasu binciken, don haka sai da takarda daga cibiyar jini da shiri tun kafin ranar.

Mataki na tara: can wurin sauka

Da jirgi ya tashi tura wa mai karɓa lambar webil da lokacin sauka da lokacin da ka rufe kwalin, don ya san awa nawa suka rage masa. Shi kuma ya buɗe a wuri mai iska da safar hannu, abu na farko ya duba akwai sauran ƙanƙara ko babu. Idan akwai, alama ce mai kyau, amma duk da haka a sauke bayanan na'urar a gani. Ya duba kowace leda, tana nan da tauri, ba tsaga, ba alamar ta narke ta sake daskarewa kamar ruwan ya taru gefe guda ko siffar ledar ta canza, lambobin sun yi daidai da jerin. Sai firiza nan take, a ɗauke su a hankali kamar ƙwai. Duk ledar da ake shakka a kanta a ware ta a rubuta mata alama har likitan cibiyar ya yanke hukunci, ba a mayar da ita cikin sauran ba, kuma a sanar da mai aikawa a rubuce ranar.

Ragowar ƙanƙarar kuma ba a zuba ta a sinki ko masai don tana fasa bututu, ba a jefa ta a kwandon shara mai murfi, ba a kulle ta a firiza ko ɗakin sanyi. A bar ta cikin kularta murfi a sassauce, a wuri mai iska inda yara da masu wucewa ba za su kai hannu ba, kwana ɗaya ko biyu za a tarar da kular wayam.